Askin Bishiyar Baba

Shekara arba'in Baba yana aski, har ranar da yayanmu ya karɓe shagon, wai hannun Baba ya fara rawa. Almakashi ɗaya Baba ya fito da shi. Ya sayo 'yar bishiya mai ƙananan ganye, irin wadda ake hana ta girma a tukunya. Kullum da safe yana rage mata ganye, yana lanƙwasa rassanta da siririyar waya.

Rannan Yaya ya zo gaisuwa, ya ce, "Baba, a dasa ta a ƙasa mana, ta huta."

Baba bai ko ɗago ba. "Irin hutun da ka ba ni? Matso nan. Nuna mini ganye ɗaya da hannuna ya kuskure."