Sunan Manasse a Jikin Ƙyaure

Duk wanda ya san Kashim Gana a Umarari ya san ba ya iya wuce mataccen inji bai tsuguna ya leƙa cikinsa ba. Shekara goma sha biyu ya yi yana gyaran injin fotokofi. Da sana'ar ta ja baya, sai ya ciro moto uku daga cikin waɗanda suka mutu, ya haɗa su da rodi da bel da wata tsohuwar kwamfuta, ya yi injin da ke sassaƙa suna a katako. Maƙwabta sun sha dariya, amma yanzu yawancinsu allon da ke ƙofar shagonsu aikinsa ne.

Irin wannan moto ba gudu yake yi ba, taku yake yi, ɗari biyu kafin ya zagayo sau ɗaya. Kwamfuta ce ke ƙirga masa. In ya tsallake taku, ita ba ta sani ba, ci gaba take yi abinta, rubutu ya karkace.

Ran nan wata dattijuwa mai suna Salomi, tsohuwar malamar asibiti, ta zo da katakon maɗaci naɗe a zane, gefensa ɗaya a ƙone.

"Ɗana, daga ƙyauren gidan babanmu ne a ƙauye. Shi kaɗai wuta ta bari. Sunansa nake so ka sa, Manasse."

"In sha Allahu, Mama."

"Ka kula fa. Babu wani."

Kashim ba mai gaggawa ba ne, har shayinsa sai ya huce yake sha. Ya fara gwadawa a gyauron katako, kuma gara da ya yi hakan, don harafi na huɗu ya hau kan na uku. Moton da ke kai wuƙar sassaƙa hagu da dama ya yi wani gurnani, ya ɗan tsaya, sannan ya wuce. Kashim ya tsayar da injin.

Ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaure bel. Ya ƙara wa moton wuta, ya yi zafi, ya rage. Ya sauya masa wuri da ɗan'uwansa, ɗan'uwan ma ya yi gurnani a daidai wurin. Ashe moton ba shi da laifi, kwana biyu yana zarginsa a banza. Katakon Salomi kuwa yana saman kabad, ko kusa da injin bai yarda ya kawo shi ba.

A rana ta uku ya kashe wuta ya tura kan injin da hannu, ya ji yana cijewa a tsakiya. Ya shafa rodin da kan injin yake bi, yatsansa ya fito da wani baƙin danƙo. Da ya kai hanci, sai ya ji ƙamshin ɗakin matarsa.

"Yagana!" ya kira ta. "Me ya kawo turaren wuta jikin injina?"

Ta leƙo daga cikin gida, ko a jikinta. "Malam, tun da ka dawo da abin nan zaure, gidana warin katako yake. Baƙi su shigo su ce ba mace a gidan? In ka tafi kasuwa nakan sa masa kasko a ƙarƙashi, in lulluɓe shi da bargo don ya kama sosai."

Yadda ake turara kayan amarya, haka ta yi mako uku tana turara injin. Hayaƙin mai da sukarin da ke cikin turaren ya kwanta a rodi, garin katako ya manne. Kashim ya buɗe baki zai yi faɗa, dariya ta riga shi. Suka shirya a kan zaure nata ne, injin nasa.

Ya wanke rodin da kananzir, ya sa mai. Sau biyar ya rubuta Manasse a gyauro, kowanne ya fita sak, duk da haka sai da ya ƙara na shida.

Salomi ta ce a gabanta za a yi. Ta zauna a benci, hannuwanta a cinya. Kashim ya ɗaure katakon, ya yi bisimilla, ya danna. Shi dai bai kalli rubutun ba, kunne ya kasa wa moton, tsoro fal cikinsa. Wuƙar ta shiga, jan katako ya bayyana a ƙarƙashin baƙin. Harafi bakwai, babu gurnani ko ɗaya.

Ya saki numfashi, ya ɗauko tsintsiya zai share garin da ya zubo a tebur. Salomi ta miƙe da sauri ta riƙe masa hannu.

"A'a, ɗana, kar ka share. Shi ma na gidanmu ne."

Ta kwance bakin zanenta, ta shiga tattara garin da tafin hannu, a hankali, har wanda ya maƙale a tsagin tebur.