Gandun Yaya Isiyaku a fuskar kwamfuta

Da kakar bana Yaya Isiyaku ya cika shekara tara a kabari. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ya buɗe ɗan shagon buga takardu da nake riƙe da shi yanzu a Malumfashi. Ni ba marubuci ba ne, karatuna bai wuce sakandare ba. Abin da ya same ni a 'yan watannin nan ne ya sa na kasa yin shiru.

Kwamfutar Yaya tsohuwa ce, kuma wani ɗalibi da ke karatu a Zariya ne ya sa masa wata manhaja ta kyauta mai tsara yadda tagogin aiki ke zama a fuska. Abu biyu take yi, Yaya ya raɗa wa kowanne suna. Na farko ya kira shi ɗakuna. Fuska ɗaya ce a gabanka, amma da ka danna maɓalli sai ka koma wata fuskar daban mai nata aikin. Katin biki yana ɗaki guda, rajistar jarrabawar ɗalibai tana wani, takardun ƙungiyar manoma suna na uku. Takarda ba ta zama a ɗaki biyu, kuma ba ka ganin wani ɗakin sai ka shiga.

Na biyun shi ne gandu. Nan filin aiki ɗaya ne, amma ya fi fuskar kwamfutar girma nesa ba kusa ba. Fuskar tana nuna maka wani yanki kawai. In ka tura kibiyar linzamin kwamfuta ta kai bakin fuska, sai filin ya zame, wani yankin ya shigo. Takarda ɗaya tana iya shimfiɗuwa rabinta a inda kake gani, rabinta a inda ba ka kai ba. Yaya ya ce haka mai noma yake, kunyar da ke gabansa yake gani, amma gonar tana nan gaba ɗayanta.

Ina tuna wani Alhaji, mai sayen masara daga Bakori, da ya zauna kusa da shi ana buga masa wasiƙa. Yaya ya tura linzami, farkon wasiƙar ya sulale ya fita. Alhaji ya miƙe tsaye.

"Malam, gaisuwar ta gudu! Wallahi ina kallo ta fice ta gefe!"

"Alhaji, in ka ba gonarka baya tafiya take yi? Zauna, ga ta nan."

Ya dawo da ita. Alhaji ya zauna yana cewa shi dai a buga masa a takarda ya riƙe a hannu, bai yarda da abin da ke yawo ba.

Ɗakunan na so su tun ranar farko. Gandun ne na tsana. Yaya yakan ƙara wa haruffa girma har layi ɗaya ba ya shiga fuska, sai ya riƙa bin sa daga hagu zuwa dama kamar mai bin sawu. Ni juwa abin yake sa ni, kuma ina ganin yana ɓata wa mutane lokaci. Ni mutum ne mai garaje da saurin baki, har yau ban rabu da halin ba. Na sha yi masa ƙorafi a gaban jama'a. Na san ciwon suga ya taɓa masa ido, amma sanin bai taɓa sauka daga kunnena zuwa zuciyata ba. Da wannan gandun ya ci gaba da aiki har ƙarshen rayuwarsa, kuma ban tuna ranar da aka dawo masa da takarda don kuskuren suna ba.

Da zai leƙo yau, ina jin zai yi murmushi. Ɗakunan nasa yanzu suna cikin kowace sabuwar kwamfuta, ko da yake mutane da yawa ba su san suna da su ba. Gandun kuwa na tambayi mai gyaran kwamfuta a Funtuwa, ya ce irin wancan tsarin an daina yayinsa, sai dai akwai wani abin ƙara girma da ke bin kibiya, ya yi kama da shi. Amma je ka kasuwa ka ga tsofaffi suna buɗa yatsu biyu a kan waya, hoton jika ya kumbura, suna jan sa gefe su ga kunne su ga hula. Abin da na raina a shagonmu ya shiga aljihun kowa.

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ban shafa ba. Tun daminar bara haruffa suka fara narkewa a idona. Na ɓoye. Nakan matsa kusa da fuska in babu kowa, in ja da baya in wani ya shigo. Kunya ta hana ni ƙara girman rubutu, don kada a ce Bala ya bi hanyar wansa. Sai ga shi na buga wa wani ɗalibi Sa'idu a maimakon Sa'adu a rajistar jarrabawa. Uban ya yi ta zirga-zirga kafin a gyara. Da ya zo da faɗa, na ɗora laifin a kan rubutun hannun ɗansa. Ƙarya na yi, kuma Allah Yana gani.

Shagon nan ba nawa ba ne ni kaɗai. Daga cikinsa marayun Yaya ke ci, da sunan ubansu mutane ke shigowa. Na ga in na ci gaba a haka, sunan zai ƙare a hannuna.

Na je wurin Hajiya Rabi, matar marigayin, na same ta tana tsince wake a faifai. Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin na faɗa mata. Ko kai ba ta ɗaga ba.

"Sai yau, Bala? Ai tun ranar sunan gidan liman na sani. Ka durƙusa wa maƙwabciyata kana kiranta da sunana. Na ce oho, ƙanin mijina ya canza ni."

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Sai ta ajiye faifan.

"Gobe ka tafi asibitin ido. Shago ba ya gudu. Yayanka ranar da ya fara ganin hazo, a ranar ya gaya mini, ko tuwo bai ci ba."

Na je. Likita ya ce suga ne ni ma. Ya ce idon dama za a iya tare shi in na kiyaye, na hagu kuwa na makara. Da na sani ƙeya ce. Da na dawo, gidan uban Sa'adu na fara zuwa, na gaya masa rubutun ɗansa ba shi da laifi.

Tsohuwar kwamfutar ta daɗe da mutuwa, kujerar Yaya ma ta karye an yi wuta da ita. Yaya bai bar gini ba, bai bar mota ba. Abin da ya bari shi ne misalin mutumin da Allah Ya rage wa gani, bai yi fushi ba, bai yi ƙarya ba, ya nemi dabarar da zai yi wa mutane aiki daidai da ɗan abin da ya rage masa. Shekara tara ina zaune a wurinsa ban gane wannan gadon ba, sai da ido ɗaya ya tafi.

Allah Ya gafarta wa Yaya Isiyaku, Ya haskaka masa makwancinsa, Ya yafe mini abin da bakina ya yi masa. Shagon kuwa zan riƙe wa 'ya'yansa da idon da ya rage, kuma wannan karon kowa zai san ɗaya ne.