Surace a Bazara

Zan faɗi abin a jere, yadda ya zo, domin na gaji da jin ana faɗinsa a hargitse. Ni 'yar Jabo ce, aure ya kai ni Fakku a ƙasar Kebbe, zamanin Turawa na mulki. Maigidana manomi ne mai 'yan shanu, yana gandu ɗaya da wansa. Mutum ne mai magana ɗaya. In aka yi gardamar iyakar gona shi ake kira, abin da ya ce kuwa a nan ake tsayawa.

Ciwon ya fara da ido. Wata bazara ya dawo daga aikin hanyar mota, wanda ake ɗibar maza dole, ya ce idonsa na dama dishi-dishi yake gani. Bayan ido sai ƙafa ta yi nauyi, yana janta kamar ba tasa ba. Bayan ƙafa sai hannu ya kama rawa, har fura na zuba daga ludayi. Da damina ta kankama gari ya yi sanyi, duk suka lafa, ya ɗauki hauya. Mutane suka ce ashe gudun aikin hanya yake yi. Wannan magana ta ci shi fiye da ciwon.

Da bazara ta kewayo ciwon ya dawo, ya zo da baƙon abu. A zaman makokin kawunsa, ana tsakiyar addu'a, dariya ta ƙwace masa. Hawaye na zuba, yana toshe baki da hula, dariyar ta ƙi tsayawa. Daga baya ya gaya mini zuciyarsa cike take da baƙin ciki a lokacin, bakin ne kawai ya ƙi bin umarninsa. Na yarda da shi, don bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Wansa ya yanke cewa iska ne, ya ɗauko mai magani daga wajen Tambuwal. Maganin kuwa surace ne. A tafasa saiwoyi da ganyaye a tukunya, a aje ta gaban mara lafiya, a lulluɓe su da bargo shi da tururin, maza su danne gefen bargon. Wannan fa a watan da ko jaki ke neman inuwa.

Kafin a rufe shi ya dubi wansa ya ce, "Yaya, zafin ga shi ka tada ciwon. Ni san jikina. Ku bar ni ga inuwa, ku ba ni ruwan randa."

Mai magani ya yi murmushi ya ce, "Kun dai ji. Ba shi na ka magana ba, wanda ka bisa kainai na. Wuta shi ka tsoro."

Daga ranar nan maigidana ya rasa bakinsa. In ya nemi ruwa, aljani ne ke jin ƙishi. In ya yi fushi, aljani ya motsa. In ya yi magana cikin natsuwa, a ce wayon aljani ne, a ƙara itace. Duk sanda aka yaye bargon, ɗaukarsa ake kamar buhun gero, ido ba ya gani, harshe ya yi nauyi.

Na je na durƙusa gaban wan nasa, na bayyana masa abin da na gani da idona: in na zuba masa ruwan sanyi yakan miƙe ya dafa bango, in aka yi surace ko yatsa ba ya ɗagawa. Bai bari na ƙarasa ba. Ya ce ni da aka ɗauko jiya daga Jabo ba zan nuna masa ƙanensa ba, in koma ɗaki.

Sanyi ya shigo, ƙafa ta saki kamar yadda ta saba. Wansa ya yanka akuya sadaka, yana ta yabon mai magani. A kwanakin aka yi wata gardamar iyaka. Maigidana ya dogara sanda ya je, aka shimfiɗa masa tabarma nesa kaɗan, aka ce ya huta. Ba wanda ya tambaye shi. Ya dogara sandarsa ya dawo gida. Ya daina zaman ƙofar masallaci, ya rage cin abinci, ya koma kwana da wuni yana fuskantar bango. Ko sunayen shanunsa ya daina kira.

Bazara ta uku aka sake dafa shi, bai ko yi gardama ba. Da ɗari ya zo na shiga ɗaki da hantsi na tarar da shi tsaye, da ƙafafunsa. Na ce ya fito mutane su gani.

Ya koma ya zauna a hankali ya ce, "In ni fita, su ce magani na, baɗi su sake dafa ni. In ni zamna, su ce iskan ya fi ƙarfinsu, su ƙyale ni. Ki yi shiru."

Na rufa masa asiri. Lissafinsa daidai ne: sun gaji, sun ƙyale shi. Amma ƙafar da ba a takawa ƙanƙancewa take yi. Lokacin da ya tabbata ba mai sake kawo tukunya, ya so ya tashi, ta ƙi. A ɗakin nan ya ƙare kwanansa.

Da tsufana wata jikata mai aikin jinya ta ce mini akwai ciwon jijiya da ke zuwa ya koma, zafi na tada shi, yana sa dariya da kuka ba da son mutum ba, yana jefa zuciya cikin ƙunci. Na ce mata kakanta ya faɗi haka tun kafin a haifi uwarta. Har yau in tsofaffin Fakku za su kwatanta gidanmu, gidan mai iska suke cewa.