Sunan Ɗan Farina a Kan Zanena

Mu a gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari. Kakanninmu sun bar daji, Fillancin ma ya tafi, amma kunyar nan tana nan daram. Nawa ɗan farin, ana yaye shi mahaifiyata ta ɗauke shi zuwa Kurfi. Can ya girma yana ce mini Yaya, ni kuwa in ta kama dole sai in ce "yaron can".

Ni aikina zane a kwamfuta: katin biki, kalanda, tambarin shago, a ɗan shagona na Dutsin-Ma. Shi kuma ya tashi mai rubuta manhajar waya. Da ƙungiyar masu noman rani ta ba shi aikin manhajar da za ta riƙa nuna musu ranar ban ruwan kowa, sai ya aiko ƙanwarsa wai in zana masa fuskar abin. Aikinsa na farko ke nan, in suka ƙi shi, an gama.

Ya ɗora mu a kan wata manhajar zane ta kyauta, irin wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara. Ina zane daga nan, yana kwasar launi da awo daga Kurfi. Abin da ba a gaya mini ba, kowa da 'yar kibiyarsa a allo, da sunansa manne a jiki. Ina buɗewa sai ga sunan nan ɓaro-ɓaro yana yawo a kan zanena. Wallahi sai da na ja mayafi na rufe fuska, ni kaɗai a shago kamar wata sabuwar amarya.

Da ya haɗa manhajar, na gwada a wayata, na ga ya matse maɓallan sun zama kamar ƙwayar gero. Wane manomi ne zai danna wannan da yatsan da ya sha fartanya? Na faɗa wa ƙanwarsa ta faɗa masa. Ita kuma uwar shiririta ta ce masa wai launin ne bai yi mini ba. Ya canza launi. Na sake aikawa, ya sake canza launi. Raina ya ɓaci, ga shi jibi zai nuna wa shugabannin ƙungiya.

Akwai wurin barin magana a jikin zanen, amma ba ta isa ga mutum sai ka rubuta sunansa. Na zauna ina kallon wurin. Na tuna mahaifiyata, wadda har ta koma ga Allah ba ta taɓa furta sunan babban wanmu ba. Na ce Allah na tuba, na danna haruffan sunan ɗaya bayan ɗaya, na rubuta: "Ka ƙara girman maɓallan, hannun manoma ne."

Kibiyarsa ta taho ta tsaya kusa da tawa, ta daɗe ba ta motsa ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Can sai ga amsa: "To Yaya, na gyara."

Ina shirin rufe kwamfutar wata ta biyo: "Ashe kin san sunan."

Wannan kunyar ta fi ta farkon zafi, kuma har yau ban ba shi amsa ba.