Ranar da Injina Ya Ƙi Jan Ruwa

Daga Pauwa har Sabuwa babu wanda ya san halin injin ban ruwa kamar ni. Tari ɗaya zai yi daga ƙarshen fadama in faɗa maka abin da ke damunsa, har da ranar da ciwon ya kama shi. Shi ya sa da nawa ya daina jan ruwa a wata bazara ban nemi kowa ba.

Tumatir ne na dasa a lambuna kusa da Mairuwa, ya fara fure ke nan, ruwan rijiyar kuma ya yi ƙasa. Injin na ruri kamar zai tashi sama, amma bakin tiyo a bushe. Na canza fulogi, na wanke kafireto, na ɗura wa fanfon ruwa ya fi sau ɗari, na zage shi da uwar kamfaninsu. Kwana uku muna haka, ganye ya fara kwanciya.

Ran na huɗu sai ga taubashina, ɗan kawuna, wanda ya tsufa yana koyar da kimiyya a sakandare. Ya zura igiya da dutse a rijiyar, ya zaro, ya auna da hannuwansa.

"Bawana, injinka lafiya lau yake. Ruwan ne ya yi ƙasa har gaba biyar."

"To sai mi? Ba aikinsa ke nan ba, ya jawo?"

"Ai bai taɓa jawo ruwa ba. Iskar cikin tiyo yake kwashewa. Iskar waje, wadda ta taru a kanmu har sama, tana da nauyi, ita ke danne ruwan rijiya ya hau tiyon. Ƙarfinta kuwa yana da iyaka, nan ya tsaya. Haƙa rami a gefe tsawon mutum, ka saukar da injin kusa da ruwan."

Na yi dariya har hulata ta faɗi. Wai iska, wadda ko bante ba ta da shi, ita ke shayar mini da lambu, ni kuma ina sayen fetur don nishaɗi. Na ce malam, ajiye wannan ga ’yan aji, nan gona ce. In ƙarfe ya gaza, ƙirjina bai gaza ba.

Na samo siririn tiyo irin na zuƙo mai, mai tsawo, na zura, na kafa baki. Na ja har kunnuwana suka haɗu a ƙeya. Harshena ya shige tiyon, idona ya ga taurari da rana tsaka. Ruwa ya taso, ina jin nauyinsa, ya tsaya can ƙasa ya ƙi gaba. Na zauna daɓas a cikin kwamin tumatir, maƙwabtan lambu suna ta yi mini sannu da haƙora a waje.

Da la'asar na dubi tumatirin, furen ya fara zuba. Na ɗauko diga. Amma na sanar da kowa da babbar murya cewa inuwa zan yi wa injin, rana ce ta buge shi. Washegari da hantsi muka sauke shi da igiya cikin ramin. Ja ɗaya na yi, ruwa ya feso har ya jiƙa wa malam takalmi.

"Ka gani? Sanyi yake so," na ce.

Har gobe a kan bakana nake, duk da ban cike ramin ba. Muna zaune a bakin kwami, ruwa na bin kunya-kunya, na ƙara kawo masa hujjar da na kwana ina gyarawa.

"In iska na da nauyin da kake faɗi, shekara hamsin ina yawo da ita a ka, mi ya sa kaina bai taɓa lotsawa ba?"

Ya zare takalminsa yana zazzage ruwa, ko kallona bai yi ba.

"Ba zai lotsa ba, bawana. Wadda ke ciki ta kai ta waje yawa."