Ga ta nan ina kallonta

Wata rana, ana tsakiyar zafin bazara, wani magidanci mai suna Mudassir ya tsaya aski. 'Yarsa Walida, wadda ba a daɗe da yaye ta ba, ta yi barci a kujerar bayan mota.

Ya ji tausayin tashinta. Ya ɗaga gilasai don kada wani ya miƙa hannu, ya kulle, ya shige shago.

Ƙofar shagon ta gilashi ce. Daga kujerar aski yana hango motar, yana hango kan yarinyar ya langaɓe gefe. Hankalinsa kwance. Aka ɓarke da musun ƙwallo, ana ta shewa.

Can sai wani dattijo da ke jiran layi ya ce, "Ɗana, waccan ta cikin mota taka ce?"

"Tawa ce, Baba. Barci take, ga ta nan ina kallonta."

"Kallonta kake. Kana jin numfashinta?"

Mudassir ya zabura, ƙyallen aski a wuya, rabin kai a aske. Yana buɗe motar wani huci ya buge shi kamar ya leƙa murhun gidan burodi. Jikin Walida rau, leɓenta a bushe.

Ya kira sunanta.

Ko motsi ba ta yi ba. Ya sungume ta sai asibiti.

Jama'a, ba aljanu ba ne, kimiyya ce da muka karanta a aji muka bar ta a aji. Bango ba ya barin haske ya wuce. Labule yana barin kaɗan. Gilashi kuwa hanya yake ba shi, shi ya sa muke gani ta cikinsa. Hasken rana ya ratsa, ya sauka kan kujeru, ya koma zafi. Shi kuma zafin ba ya samun mafita, sai ya yi ta taruwa.

Haske ya shiga. Iska ba ta shiga ba. In ma Walida ta yi kuka, kukan bai fito ba.

Walida ta rayu, amma likita ta ce zafin ya taɓa ƙwaƙwalwarta. Yarinyar da ta fara gudu a tsakar gida, yau sai an ɗauke ta. Mahaifiyarta ba ta taɓa ce wa Mudassir uffan a kai ba. Shi ya ce da ma zaginsa ta yi.

Darasi: Gani daga nesa ba kulawa ba ne. Kada ka bar yaro a rufaffiyar mota, ko da idonka na kansa. Tashi ka je ka taɓa shi.

Don Allah ku tura wa duk mai mota da kuka sani, kafin ranar gobe ta take.