Baiti na Biyu na Waƙar Mariama

A unguwar Jarwal ta Makka kowa ya san Abdulsalami da sunan Abu Hadil, dattijon nan mai lalle a gemu da ke yi wa alhazan Faransa jagora a Mina. In ka ga yadda yake ɗaure fuska in samari suka wuce da kiɗa a mota, sai ka rantse bai taɓa kaɗa ƙafa ba tun da aka haife shi. To, ba haka ba ne. Mutumin Damagaram ne, kuma a ƙuruciyarsa jita ce ta kai shi Yamai, daga nan ta tsallaka da shi Marsai ta ƙasar Faransa. Shi ke tsara waƙoƙinsa da Faransanci, shi ke rerawa. Har a fim ya taɓa fitowa, a mai gadin otal. Magana biyu kacal ya yi, amma ya shekara yana ba da labari.

Cikin waƙoƙin akwai wadda ya yi wa Mariama lokacin da yake nemanta. Waƙar ba ta yi wani suna ba, amma ita ta sa Mariama ta aure shi.

Da suka zo aikin hajji sai zuciyarsa ta juya, suka zauna a Makka. Ya ce shi da waƙa halas, wato an gama. Ya kyautar da jitar, ya tattara kaset-kaset ɗinsa ya watsa a shara. Mariama ta roƙe shi ya bar mata guda ɗaya, tata. Ya ce nan ba wurin wannan ba ne. Ba ta ƙara tayar da maganar ba, shi kuwa ya ɗauka ta manta.

Tsufa ya zo ya rikita Mariama. Ta daina gane 'yarsu Hadil, daga baya har shi. Wata rana yana ba ta kunu a baki tana kau da kai, sai kawai ya ji bakinsa na rera waƙar. Ta juyo ta dube shi, ta kira sunansa. Ya kai ƙarshen baitin farko ya tsaya cak, domin na biyun ya ɓace masa ɓat. Hadil ta yi ta laluben waƙar a waya.

"Ya Baba, wallahi ma fi," in ji ta. "Babu ta a ko'ina."

A hajjin wannan shekarar, yana wucewa tsakanin tantuna da tutar ayarinsa a hannu, ya ji wata tsohuwa daga wani ayarin Faransa tana matsa ƙafafunta da suka kumbura, tana rera wani abu ƙasa-ƙasa. Waƙarsa ce. Ta gama baitin farko ta zarce na biyu, hayaniya ta hana shi jin kalmomin.

Taku kaɗan ne tsakaninsu. Amma alhazansa na bayansa, masu ce masa Shaihu, masu tambayarsa hukuncin jifa. Da wane ido zai ce wa matar mutane ta yi masa waƙa a Mina? Ya ce sai an dawo jifa. Da aka dawo ya ce gobe, in jama'a ta ragu. Kashegari ya tarar da tantin wayam, ayarin ya riga ya tashi. Ko sunanta bai sani ba.

Abin ya ci shi ƙwarai, har yau yana cinsa. Kunya ce kawai ta hana shi, kunyar mutanen da tuni suka koma gidajensu suka manta da shi.

Da ya koma gida ya karɓi kofin kunu daga hannun Hadil, ya zauna gefen gadon, ya fara. Mariama ta juyo, fuskarta ta washe. Ya kai inda yake tsayawa, ya tsaya.

"To ci gaba mana, Salami," in ji ta. "Ina jinka."